Ɗakin da Malam Manniru Ke Kullewa

Kwana goma sha ɗaya ke nan da Nura ya hau motar albasa daga Funtuwa, kuma har yau bai iso Sabo, unguwar Hausawan Ibadan, ba.

Yayarsa Mahbuba ta ƙirga kwanakin nan har sun fara rikice mata. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, nan Ibadan aka haife su, amma da mahaifiyarsu ta rasu sai kakarsu ta zo ta ɗauke Nura yana ɗan shekara biyar, ta yi Arewa da shi. Shekara goma sha takwas ke nan. Duk faɗin Sabo ba wanda zai iya nuna fuskarsa in ba ita ba, ita ɗin ma a waya ta san yadda ya girma. Kuma abin da ke cin ta, wanda ba ta faɗa wa kowa ba, shi ne ita ta matsa masa ya taho. Ita ta samo masa wurin koyon gyaran waya. Ita ta ce ya bi masu albasa da ke zuwa Kasuwar Shasha, ai sun san hanya.

Hoton ƙarshe da ya turo mata yana zaune ne a kan buhuna, yana dariya, ya ɗaga hannu don ta ga agogon da ta aika masa da Sallah, wani mai koriyar fata. Daga nan wayar ta mutu.

Ta je Shasha, ta samu direban kafin ya juya. Ya rantse mata cewa da suka tsaya Ojoo, bakin shiga Ibadan, da safiyar Litinin sun leƙa saman motar ba su gan shi ba, suka ɗauka ya dira ne ya nufi gida. Ta je caji ofis, aka rubuta, aka ce ta je za a neme ta. Kullum kakarsu sai ta kira daga Funtuwa, tambaya ɗaya ce ba ta canjawa: “Ya iso?”

To, sai ku san wace ce Mahbuba. A wani shago take aiki bakin titi, inda ake tura wa mutane fina-finai a waya, kuma ba ta tura abin da ba ta kalla ba. Na soyayya ba su dame ta ba. Nata su ne na makasan nan masu bin mutane ɗaya bayan ɗaya, waɗanda mai hankali zai kalla ya kasa cin tuwo. Ita kuwa tana kallo tana cin gyaɗa, minti goma da farawa ta nuna wani da baki ta ce, “Ga shi nan, shi ne.” Kuma shi ɗin ne. Ta haddace su tsaf. Makashi ba ya taɓa zama mai hayaniyar unguwa. Salihin nan ne mai gaisuwa da sunkuyar da kai, wanda in asiri ya tonu maƙwabta za su riƙe haɓa su ce wallahi ba su taɓa zato ba. Yana da ɗakin da ba a shiga. Kuma ba ya kashe mutum ya tafi hannu rabbana, sai ya ɗauki wani ɗan abu daga jikinsa ya adana. Da, wannan ilimi abin dariya ne a shago. Yanzu ya zame mata ciwo.

Domin a gidan hayar da take zaune akwai Malam Manniru.

Wata huɗu da tarewarsa, daga wajajen Ojoo aka ce ya taso. Dattijo ne dogo, busasshe, ba mata ba yara. Turare da carbi yake kasawa a ƙofar masallaci. Ɗaki biyu ya kama shi kaɗai: ɗaya yana kwana, ɗayan kuma can ƙarshen gida kusa da rijiya, ya danna masa wani ƙaton kwaɗo. In wayarsa ta yi ƙara, ko ciniki yake sai ya rufe faifan ya tafi, ba ya ce wa kowa ga inda za shi. Ya dawo da jar ƙasa har ƙauri, ya tsuguna bakin rijiya ya yi ta wankin hannu kamar fatar zai cire. Sau ɗaya ta hango cikin ɗakin kafin ya ja ƙofa, ta ga bakin diga da shebur. Me mai sayar da turare zai yi da diga?

Ba don komai ba, haka kawai jininta bai haɗu da nasa ba. Duk mutanen gidan ta nuna musu hoton Nura, shi kaɗai ta tsallake. In ya ce mata, “Ina kwana, ’yata,” sai ta amsa a ciki ta wuce.

Ranar Larabar nan an kwana ana ruwa, rufin gidan kuwa yoyo yake kamar kwando. Da hantsi ta zagaya baya za ta shanya zanen gado, sai ta tsaya cak. Malam Manniru ya shimfiɗa tabarma a rana, yana jera wasu kaya da suka jiƙe, ya ba ta baya. Huluna. Zobba na azurfa. Carbi kala-kala. Takalmi wari ɗaya. Madubin ido mai karyayyar ƙafa. Kowanne da ’yar takarda ɗaure da zare. Gefe ga wani littafi a buɗe, an danne shi da dutse don ya bushe.

A bakin tabarmar kuma ga agogo mai koriyar fata.

Ba ta san yadda aka yi ta koma ɗaki ba. Ta dai tsinci kanta jingine da ƙofa, zanen gadon a hannu yana ɗiga a kan ƙafarta. Ta buɗe hoton, ta ja shi ya girma. Shi ne. Har ramin da ta sa aka ƙara huda wa fatar, don Nura ya ce hannunsa siriri ne.

A shago ta kasa aiki. Wani ya ce a tura masa wa’azi ta tura masa kokawa. Sakinat, abokiyar aikinta, wadda uwarta Bayarabiya ce kuma bakinta ba ya da birki, ta ja ta bayan kanta.

“Ke, mene ne? Fuskarki kamar wadda ta ga aljani.”

Mahbuba ta faɗa mata, a hankali, tana kallon ƙofa. Sakinat ta dafe ƙirji.

“Oya, tashi. Yanzu mu je wurin Yaya Abdulrahim, shugaban matasa, ya tara samarin unguwa. Ko mu koma caji ofis.”

“A’a.”

“A’a kamar yaya?”

“Wa zai yarda da ni? Mutum kullum yana sahun gaba a masallaci. Za su ce agogo ai iri ɗaya ne a kasuwa. Kuma in ya ji motsi, in ya ga an taru… zai ƙarasa shi, Sakinat.”

“Ya ƙarasa wa?”

“Nura. Yana cikin ɗakin nan.”

Mahbuba ta kama hannun Sakinat ta matse.

“Ke ma kin kalla. Nawa muka kalla tare a nan? Na ƙarshen da makashi ya kama ba ya kashe shi da wuri. Ajiye shi yake yi. Kullum haka ne. Ana fasa ƙofa a same shi a ɗaure, ya galabaita, amma da ransa. Kin taɓa ganin wanda ba haka ba?”

“Mahbuba, abeg, don Allah. Wannan ba fim ba ne.”

“Kin taɓa gani?”

Tausayi ya hana Sakinat magana, kuma shirun nan nata shi Mahbuba ta ɗauka a matsayin amsa. Ta sa ta rantse ba za ta faɗa wa kowa ba sai bayan Juma’a.

Abin tsoro a nan shi ne, tun da Nura ya ɓace Mahbuba ba ta ji sanyi a ranta ba sai ranar. Kwana goma sha ɗaya tana lalube a duhu, yau ga ƙofa, ga kwaɗo. Tana tsoron mutumin nan har cikin ƙashinta, amma a ƙasan tsoron tana roƙon Allah ya sa shi ɗin ne.

Da la’asar, da ta ga ya fita masallaci, ta lallaɓa ƙarshen gida. Ƙamshin turare ya cika wurin, mai nauyi, irin wanda ake zubawa don a danne wani abu. Ta kanga kunne a jikin ƙofar.

“Nura,” ta raɗa. “Ni ce. Yaya Mahbuba ce.”

Shiru. Can sai ta ji wani ɗan ƙwas-ƙwas daga ciki, kamar ana jan farce a ƙasa. Ta fiddo biskit daga jaka, ta tura ta ƙarƙashin ƙofa da tsinken tsintsiya, guda huɗu. Washegari ta dawo ta kwanta rubda ciki ta leƙa. Babu ko ɗaya.

Alhamis ɗin nan ta fi shekara tsawo. Da safe suka yi kiciɓis a bakin rijiya, ya ɗago guga ya ce, “Kawo bokitinki in zuba miki, ’yata.” Ta miƙa, tana kallon hannuwansa: dogayen yatsu, faratai a yanke tas. Ya dube ta ya ce, “Kwana biyu kamar ba ki da lafiya.” Ta ce zazzaɓi ne. Haka suke, in ji zuciyarta, sai sun yi maka tambayar kirki don su ga abin da ka sani. Ruwan da ya zuba mata ba ta yi amfani da shi ba, a kwata ta juye.

Ta zaɓi Juma’a ne don ta san Sabo. Da an yi kiran farko maza suke watsewa daga gidaje, a rufe shaguna, a shimfiɗa tabarmi har kan titi. Matan gidan kuwa ranar duk sun tafi suna a layin baya. Ta ɗauko guduma daga shago ta ɓoye cikin hijabi. Ta ga fitarsa da farar riga da darduma a kafaɗa. Ta jira har ta ji liman ya fara huɗuba a lasifika.

Kwaɗon bai karye ba, marfin ƙofar ne ya gaji. A bugu na shida ƙusoshin suka fita daga ruɓaɓɓen katako, ƙofar ta buɗe da kanta.

“Nura?”

Ɗaki ne ƙarami, a share. Ta tsaya sai da idonta ya saba da duhun. A jikin bango an jingine makara. Kan wani benci ga bandir na farin yadi, an yanki wani sashe, almakashi a kai. Bokiti biyu a kife, buta, sabulu, kwalaben turare. Diga da shebur a lungu. Akwatin ƙarfe. Ba igiya, ba jini, ba kowa.

Ta ƙi yarda. Ai akwai wata ƙofar, kullum akwai. Ta janye bencin. Ta bi bangon tana ƙwanƙwasawa da guduma tana sauraron inda zai yi amon rami. Ta durƙusa ta shafa simintin ƙasa tana neman tsaga. A bayan akwatin ta ga ɓurɓushin biskit, da kashin ɓera a gefensa.

Nan ta zauna daɓas. Ta buɗe akwatin, ta ɗauko agogon. Gilashin ya tsage, hannuwan sun tsaya. ’Yar takardar da ke ɗaure da shi rubutun ajami ne, ita kuwa boko ta yi. Turanci da Yarabanci ba wanda zai sayar da ita, amma wannan sai dai ta kalla. Littafin ma haka, shafi bayan shafi, layi-layi. Lambobin kwanan wata kaɗai ta iya ganewa. Layin ƙarshe Litinin ɗin makon jiya ce.

Ba ta ji an sallame salla ba. Hasken ƙofar ne kawai ta ga ya ragu.

Malam Manniru na tsaye, darduma a kafaɗa. Ya dubi ƙofar da aka ɓalle, ya dube ta. Ta miƙe da gudumar a hannu ɗaya, agogon a ɗayan, ta ja baya har ta bugi makarar. Ba hanyar fita sai ta gabansa, kuma gidan ba kowa.

“Ina ka sa shi?” Muryarta ta fito siririya. “Kada ka matso. Na faɗa wa mutane ina nan. Ina ka sa shi?”

Bai kalli gudumar ba. Agogon yake kallo.

“Kin san mai agogon nan?”

“Ƙanena ne.”

Sai ta ga abin da ba ta taɓa gani a kowane fim ba. Mutumin ya dafa bango, ya sulale ya zauna a dokin ƙofa kamar an zare masa laka. Ya yi salati a hankali.

“Gida ɗaya,” ya ce. “Ikon Allah. Sau uku na kai agogon nan Ojoo, sau biyu Shasha. Na bi masu shanu, na bi masu tumatir. Ashe ke ce, ga ɗakinki ga nawa.” Ya miƙo hannu. “Ba ni littafin nan, ’yata. Riƙe gudumarki in kina so.”

Ta tura masa da ƙafa. Ya buɗe shafin ƙarshe, ya kai shi kusa da ido, ya karanta yadda ake karanta wasiƙa.

“Litinin. Gefen babban titi, kafin a shigo Akinyele. Saurayi, zai yi ashirin da ’yan kai. Manoma suka gan shi da safe. Da alama barci ya kwashe shi a saman mota ya faɗo. Ba waya, ba takarda. Riga ruwan toka. Agogo mai koriyar fata. Tsohon tabo a girar hagu.”

Gudumar ta faɗi a kan siminti.

Tabon nan ita ta yi masa. Tana shekara takwas, yana huɗu, suna faɗa a kan ƙanzon shinkafa ta jefe shi da murfin tukunya. Har bana yana tsokanar ta da shi a waya.

“Hukuma ta riƙe shi kwana biyu ba wanda ya zo,” Malam Manniru ya ci gaba. “Ranar Laraba aka ba mu shi. Shekara ashirin da shida ke nan, in baƙo ɗan Arewa ya mutu a hanyar nan ba a san danginsa ba, ni direbobi ke kira. In wanke, in suturta, in nemi masu salla. Sai in cire abu ɗaya daga jikinsa in ajiye, in rubuta kamanninsa da inda aka sa shi, ko Allah zai kawo mai nema. Wasu an zo. Wannan hular shekararta tara tana jira.”

“Me ya sa ba ka faɗa ba?” ta ce. “Me ya sa kake kullewa?”

“Gidan da na baro, da suka sani, sai aka daina karɓar abu daga hannuna. In na je duba mara lafiya a ce yana barci. Mace ta ga na shafa kan ɗanta ta fizge shi. Ban ga laifinsu ba, mutuwa ba a son ganin mai yi mata aiki. Na ce a nan bari in yi shiru in zauna lafiya.”

Mahbuba ta sake duban ɗakin, lungu-lungu, kamar har yanzu wani wuri ya rage da ba ta duba ba. Kwana biyu tana tsoron mutumin nan ya zama mugu. Yanzu da ta tabbata mutumin kirki ne, sai ta ji da ma mugun ne. Baƙin cikin wannan tunani ya taso ya rufe ta.

“Ai na ƙarshe ana samun sa da rai,” ta ce. “Kullum ana samun sa.”

Bai gane me take nufi ba, bai kuma tambaya ba. Ya bar ta ta yi kukanta. Sai da ta lafa ya yi magana.

“Mutum goma sha huɗu suka yi masa salla, ba wanda ya san sunansa. Ni na wanke shi da hannuna. Bai wulaƙanta ba, ’yata, wannan zan iya rantse miki. Na kafa ƙarfe a kan kabarin, ba zai ɓace mana ba. In kin shirya sai in raka ki.” Ya zaro alƙalami daga aljihu. “Yaya sunansa?”

“Nura. Nura Mahmudu.”

Ya rubuta a ƙarshen layin, a hankali, ya hura tawadar. Ya kwance ’yar takardar daga jikin agogon, ya bar mata shi a hannu.

Waje ya fara cika da hayaniyar masu dawowa daga masallaci, ana ta gaisawa, wani mai lemo yana kiran ciniki da Yarabanci. Wayarta ta yi ƙara cikin hijabi. Ba sai ta duba ba, ta san lokacin kiran kakarsu ne. Ta bar ta ta yi ta yi har ta katse. Ta sake somawa.

Malam Manniru ya ce, “Ko in amsa miki?”

Ta girgiza kai. Ta goge fuska da bakin hijabi, ta danna, ta kai kunne.

“Mahbuba,” in ji tsohuwar daga can Funtuwa, “ya iso?”

Ta damƙe agogon har tsagaggen gilashin ya shige mata tafin hannu.

“Ya iso, Kaka,” ta ce. “Tun Litinin ɗin makon jiya ya iso. Akwai wani kusa da ke? Ba shi wayar, ke kuma ki zauna.”